WA ZAI BIYA KUƊIN KOTO?

 Ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da ta taso a ƙungiyar muhawara ta makarantarmu a zangon da ya wuce, wadda har yau ba ta bar ni na huta ba. Kan muhawarar shi ne: ya kamata hukuma ta yafe wa manyan kamfanoni haraji, ta ba su fili kyauta, domin su zo su buɗe kantuna da ofisoshi a tsakiyar Birnin Kebbi da Argungu. An sa ni a ɓangaren masu goyon baya, muka kuwa ci. Amma da na je hutu na zauna a shagon Kawuna, sai na gane mun ci muhawara ne kawai, gaskiya tana wajen waɗanda muka kayar. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in warware abin da bakina ya ƙulla.

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san koto. Masunci yakan soka tana ko ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya, ya yi hasarar kaɗan don ya kama babba. To haka masu wannan ra'ayi suke kallon yafe haraji. Suna cewa a bar wa kamfani kuɗin shekara uku ko biyar, shi kuma ya kawo aiki ga samari, ya kawo gine-gine masu kyau, ya jawo 'yan'uwansa, daga baya a tara abin da ya ninka wanda aka bari. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai shi masunci da kansa yake tono tanarsa. Ita hukuma kuwa, tanar wa za ta soka? Wannan ita ce tambayata.

Kafin mu amsa, bari mu san wa ke karɓar me, domin a nan ne yawancinmu muka yi ta ruɗewa ranar muhawara. Malaminmu na ilimin tattalin arziki ya fayyace mana cewa harajin ribar kamfani na Gwamnatin Tarayya ne. Ita ce ke da ikon yafe shi. A 1971 an kafa doka da ta ba ta damar yafe wa sabuwar masana'anta harajin riba na shekara uku, a iya ƙara mata har ya kai biyar. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun sake wannan tsari, suka ɗaura sassaucin a kan yawan jarin da kamfani ya zuba a zahiri. Jiha kuwa abin da ke hannunta shi ne harajin albashin ma'aikata, da kuɗin rajistar wurin sana'a, da kuɗaɗen fili, tun da dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun Gwamna. Ƙaramar hukuma ita ke da kuɗin rumfar kasuwa, da na shago, da na tasha, da na mayanka, da kuɗin gidaje. Ke nan idan aka ce Birnin Kebbi ko Argungu ta yi wa kamfani sassauci, daga wannan 'yar ƙaramar tukunya za a ɗiba, tukunyar da mai tebur da mai shayi da direban tasha suke zuba wa kuɗi. Ita ce kuma tukunyar da ake jira ta kwashe shara, ta yashe kwata, ta gyara rumfuna.

Kawuna yana da ɗan shagon tireda kusa da kasuwa a Birnin Kebbi. Yana sayar da sabulu, da sukari, da madara, da ashana, da taliya. Ya fi shekara ashirin a wurin. A cikin wata robar alewa yake tara rasidan kuɗaɗen da yake biya, kuma robar ta kusa cika. Da na ba shi labarin yadda muka ci muhawara, sai ya yi shiru yana ƙirga canji, can ya ɗago ya ce, "Ɗana, wanga babban kanti da kuke so a kawo, mi zai sayar?" Na ce, "Kawu, irin kayan nan naka, sai dai shi da yawa." Ya ce, "To, ni in biya, shi a yafe mishi, sa'an nan ya karya farashi da kuɗin da aka yafe mishi, masu sayena su koma can. Ka ga ni na saya mishi wuƙar da zai yanka ni." Ban sami abin da zan ce ba. Ashe dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ɗan yi lissafi na misali, irin wanda muke yi a aji. A ce an yafe wa wani kanti kuɗin fili da sauran kuɗaɗe na naira miliyan 10 a shekara, har shekara biyar. Miliyan 50 ke nan. A ce kuma kowane mai rumfa yana biyan naira 5,000 a shekara. Sai an haɗa kuɗin masu rumfa 2,000 kafin a cike gurbin abin da aka bar wa mutum ɗaya a shekara guda. Idan kantin ya ɗauki ma'aikata hamsin, amma ƙananan shaguna talatin suka rufe saboda shi, kowane da mai shi da yaronsa, to ayyuka nawa garin ya ƙaru da su? Ku buga da kanku ku gani. Mutanen gari ba za su ƙara shan shayi ba don an buɗe sabon kanti. Sukarin da ake saye jiya shi za a saya gobe, hannun da ke karɓar kuɗin ne kaɗai ya sake.

Wani zai ce, ai masana'anta daban take da kanti, domin ita tana ƙera abin da za a fita da shi waje a shigo da kuɗi. Gaskiya ne, na kuwa yarda. To mu duba masana'antun da suka zo mana, mu tambayi kanmu abin da ya kawo su. A watan Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe babban injin casar shinkafa na kamfanin WACOT a Argungu, wanda aka gina don casar tan 120,000 a shekara. A Birnin Kebbi kuma ga na Labana. Me ya sa ba su je Jos ko Abuja ba, inda ake da manyan otal da iska mai sanyi? Saboda fadamar Gulbin Kebbi tana nan. Shanshera tana nan, manoma na rani da na damina suna nan, tun daga Augie da Argungu har zuwa Bunza da Suru. A jihar nan ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015, noma ya ƙaru, injuna suka biyo shinkafa. Ɗan kasuwa yakan bi inda kayansa suke da inda masu sayensa suke. Idan dama can zai zo, to abin da aka yafe masa kyauta ce kawai aka yi wa mai shi. Bayan haka, injin da ke buƙatar fili mai faɗi da hanyar tirela ba shi da wurin zama a tsakanin lungunan Makerar Gandu ko bayan fadar Sarkin Kabi. Wurinsa bakin gari. Saboda haka ko an kawo shi, bai warware matsalar tsakiyar gari ba.

Mu kuma duba abin da ke korar masana'anta, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957 zamanin Sardauna, wasu suka biyo ta, har Kakuri ta cika da dubban ma'aikata. A Kano ga Bompai, ga Sharaɗa, ga Chalawa. Iyayenmu sun san yadda aka ƙare. Masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, masana'antu da yawa na Kano suka zama kango. Manyan dalilan da kowa ya sani su ne rashin wutar lantarki, da tsadar man da ake zuba wa injuna, da tsufan na'urori, da atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Kamfanin da ba ya cin riba, ko an yafe masa harajin riba me aka yi masa? Kamar ka yi wa mai sanƙo alkawarin aski kyauta ne. Abin mamaki ma, babban layin lantarki da ke tasowa daga madatsar Kainji ta Birnin Kebbi yake bi, daga nan ne kuma aka ja layin da ke tafiya Yamai. Duk da haka mai walda da tela da mai sayar da ruwan sanyi a cikin gari ba su rabu da ƙarar janareta ba. Na tabbata idan aka tambaye su, wuta ta tsaya awa goma sha biyu ko a yafe musu kuɗin shago, babu wanda zai zaɓi na biyun.

Akwai wani haɗari kuma, wanda ya shafi garuruwanmu biyu kai tsaye. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kusan kilomita hamsin ce. Idan Birnin Kebbi ta ce ta yafe shekara uku, me zai hana mai kamfani ya hau mota ya je Argungu ya ce, "Ga abin da aka ba ni can, ku nawa za ku ba ni?" Argungu ta ce biyar. Ya wuce Jega ya nemi bakwai. Ya zama shi ke gwanjon kansa, garuruwa suna taya shi da kuɗin talakawansu. An yi wannan a Amurka. Akwai wani birni mai suna Kansas Siti wanda iyakar jihohi biyu, Kansas da Misuri, ta ratsa yankinsa. Shekara da shekaru kowace jiha tana zuba kuɗi don ta janye kamfanonin ɗaya ɓangaren. Kamfani ya ɗauke ofishinsa ya tsallaka titi, ya karɓi sassauci, ma'aikatan nan dai su ne, ko gida ba su sake ba. Sai a 2019 jihohin biyu suka ga asarar ta ishe su, suka yi sulhu. Mu da muka san tarihin yaƙin Kabi da Gwandu, muka kuma san cewa bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar zumunci da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, bai kamata mu buɗe sabon filin gaba da rasidin haraji ba.

Ga wasu misalai biyu daga can Amurkan. A 2017 kamfanin Foxconn mai haɗa kayan lantarki ya yi wa jihar Wiskonsin alkawarin ayyuka 13,000, jihar ta yi masa alkawarin sassauci na kusan dala biliyan 3. Aka share gonaki, aka ta da mutane daga gidajensu, aka ja hanyoyi da ruwa. A 2021 aka sake yarjejeniyar, ayyukan suka koma ƙasa da 1,500. Abin da ya rage wa jihar asara shi ne an rubuta cewa sai an ga ayyuka za a biya, amma kuɗin hanya da fili sun riga sun tafi. A 2017 ɗin dai kamfanin Amazon ya ce zai gina sabuwar hedkwata, garuruwa da yankuna 238 suka aika masa da tayinsu, kowa yana ƙara a kan na wani. A ƙarshe ya zaɓi Niyok da gefen Washinton, manyan biranen da dama suke cike da irin ma'aikatan da yake nema. Da mutanen Niyok suka yi ta ƙorafi a kan kusan dala biliyan 3 da za a ba shi, sai ya janye a watan Fabrairun 2019. Idan masu dala sun sha wannan wahala, ina ga jihar da mafi yawan kuɗinta daga kason tarayya yake zuwa?

Akwai kuma abin da na lura da shi da kaina. Turawa suna zuba wannan kuɗi ne domin tsakiyar garuruwansu ta zama kufai, mutane sun koma bayan gari da motocinsu, kantuna sun rufe. Mu namu ciwon daban ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991, Birnin Kebbi sai faɗi take yi, sababbin unguwanni irin su Gesse suna ta cika, amma tsakiyar gari ba ta rasa mutane ba ko na yini ɗaya. Je ka bakin kasuwa da hantsi ka gani. Masu babur, da masu baro, da masu tebur, da mata masu sayar da ƙuli-ƙuli, ko wurin sa ƙafa babu. 'Yan kasuwa suna nan tuli. Abin da babu shi ne kwata mai tafiya, da wurin ajiye mota, da makewayi mai tsabta, da fitila da dare, da hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta shiga idan wuta ta tashi. Ba mu manta ba a watan Maris na 2016 gobara ta ci babbar kasuwar Birnin Kebbi, a daidai lokacin da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano. Maganin ciwon wani ba lalle ya zama maganin namu ba, kuma wanda ya sha maganin da ba nasa ba yakan ƙara wa kansa cuta.

Haka Argungu, garin kakannina na wajen uwa. Allah ya ba ta abin da kuɗi ba ya saye. Ga Matan Fada, ga gidan tarihi na Kanta, ga bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Innata, ƙanwar mahaifiyata, bandar kifi take yi. Ta ce mini da zafi, kifin da ba a sayar ba kafin azahar, ko a banda shi da gaggawa ko a zubar. Da akwai ɗakin sanyi na haya a kusa da kasuwa, da ita da 'yan'uwanta sun sayar da ɗanyen kifi da daraja har Sakkwato. Ɗakin sanyi ɗaya mai aiki da hasken rana zai amfani masunta da mata ɗaruruwa, kuma babu wanda zai naɗe shi ya gudu da shi idan shekara biyar ta cika. Kwata da rumfa da fitila ma haka suke. Su ne koton da kifi ba ya cinyewa ya tsere, kuma babban attajiri da mai tebur duk suna cin moriyarsu daidai.

Kada a ɗauka ina ƙin baƙi ko ina ƙin masu kuɗi. Garin da ba ya karɓar baƙo ba ya girma. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fatake ne suka raya ta, kuma abin da ya kawo su shi ne aminci da masauki da ciniki. Na kuma yarda akwai lokacin da sassauci yake da amfani, musamman ga sana'ar da babu irinta a gari, kamar mai sarrafa albasar Aliero don kada ta ruɓe, ko mai yin abincin kifi da na kaji daga dussar shinkafa. Irin wannan ba ya ƙwace cinikin kowa, kasuwa ma yake buɗe wa manomi. Amma ko shi, ina ganin sai da sharuɗɗa huɗu.

Na farko, aiki kafin lada. Kada a yafe ko kwabo sai an ƙirga ma'aikatan da ya ɗauka, an ga sunayensu a takardar albashi ta shekara guda. Na biyu, a yi abin a fili. A karanta yarjejeniyar a majalisa, a faɗa a rediyo da Hausa, a liƙa ta a allon sakatariya, kowa ya san nawa aka bari, wa aka bar wa, har zuwa yaushe. Abin da aka ƙulla a ɗaki, ɗan wane da abokin wane ne za su ci shi. Na uku, a rubuta cewa wanda ya tashi kafin wa'adi zai mayar da abin da aka yafe masa, fili kuma ya koma hannun hukuma, domin mun sha ganin fuloti da aka zagaye da katanga aka bar wa ciyawa da awaki, ana jiran ya yi tsada. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na huɗu, ƙofar da aka buɗe wa baƙo a buɗe wa ɗan gari. Idan tela ya ƙara keke biyar ya ɗauki yara biyar, shi ma ya kawo ayyuka, shi ma a dube shi.

Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin haraji da jangali, lokacin da talaka kan sayar da akuyarsa ko ya gudu ci-rani don ya biya kuɗin kansa. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su, jama'a suka yi murna domin an sauke wa mai ƙaramin ƙarfi kaya. Zai zama abin kunya a ce a zamaninmu mai ƙarfi ake sauke wa kaya, a ɗora wa mai tallan goro. Haraji amana ne. Wanda ya biya shi yana da hakkin ya ga abin da aka yi da shi a ƙofar shagonsa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, a cikinmu akwai kansilolin gobe, da shugabannin ƙananan hukumomi, da kwamishinoni, in Allah ya yarda. Wata rana wani zai shigo ofishinka da babbar riga da zanen gini mai hawa biyar, ya ce a yafe masa. Kafin ka sa hannu, ka tuna da robar alewar Kawuna. Ku kuma iyayenmu, idan kun ji an ce za a kawo kamfani, ku yi murna, amma ku tambaya: me aka ba shi, daga aljihun wa, kuma me zai faru in ya tafi? Tambaya ba rashin kunya ba ce ga wanda ya biya kuɗinsa.

Ni dai na koma wajen abokan muhawarata na gaya musu cewa kofin yana hannunmu, amma hujja tana hannunsu. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki, sai ya ba ni amsa a fitowa ta gaba. Allah ya albarkaci kasuwanninmu, ya kare su daga gobara da ambaliya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar.